Yaron Nan na Larai

Larai ta shigo Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, cikin shekarar 1963, da tabarma ɗaya, da kwanoni uku, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda take karantawa da yatsa, da ciki wata biyar. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Maradi, daga cikin 'yan gidajen da suka bi mishan. Mijinta Baƙo ya riga ta zuwa. Kuku ne a gidan wani Bafaranshe injiniya da ke aiki can In Amguel, wanda ya ajiye matarsa a cikin gari, yana leƙo ta ran Asabar. Ɗaki guda suka samu a lungun 'yan Nijar, katanga ɗaya da Mahamman mai kanti da matarsa Kubura. Su kaɗai ne Kirista a lungun, kuma ba wanda ya taɓa tsangwamarsu a kan haka. Da ta haihu, namiji, aka kai shi majami'ar Fada ta 'yan Katolika, don ita kaɗai ce a garin, aka yi masa addu'a, aka sa masa Isufu.

Sunan nan kuwa bai taɓa fita daga bakin Larai ba. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in aka yabe shi ka kau da kai. Baftisma ta raba Larai da abubuwa da yawa na gidan ubanta, ta bar tsafi, ta bar laya, amma kunya tana nan daram. In da a gida ne da tuni kakarsa ta ɗauke shi, kowa ya huta. A nan babu kaka, babu gwaggo, sai ita da shi a ɗaki ɗaya. In za ta kira shi sai ta ce, “Kai!” In za ta yi zancensa sai ta ce “yaron nan”. Ko a addu'ar safe, ta durƙusa ta rufe ido gaban Ubangijinta, abin da take cewa shi ne, “Ka tsare yaron nan.”

A shekarar 1966, cikin watannin da a gida gero ke kaiwa ƙugu ana fama da noma, a nan sama fes take, sai zafi da ƙuda. Isufu ya shekara biyu da rabi, ya zama ɗan ƙaramin bala'i. Da asuba za ta cika randa, kafin ta juya ya zuba mata yashi a ciki. Ya bi akuyar Kubura ya kama wutsiyarta, ta ja shi a ƙasa, ya tashi yana dariya da baki cike da ƙasa. Da hantsi in jar katanga ta fara ɗaukar zafi, sai Larai ta jiƙa tsohon zane ta rataya a ƙofa, ta zaunar da shi cikin babban kwanon wanki da ɗan ruwa, ya yi ta dukan ruwan yana waƙar da shi kaɗai ya san ma'anarta. Bakinsa ma a gauraye yake. Wajen Buzayen da ke kawo itace ya tsinci “aman”, wato ruwa. Ana tsakiyar addu'ar abinci sai ya ɗaga murya ya ce, “Aman!” Baƙo ya ji daɗi ya ce ɗansa ya iya amin, alhali yaro ƙishirwa yake ji.

To, in ba kowa a gidan, zo ka ga Larai. Ta tauna masa dabino ta sa masa a baki. Ta sunsuni ƙeyarsa, ta ciji 'yan yatsun ƙafarsa yana ƙyalƙyalewa, ta goya shi ko da ba inda za ta. Da ta ji sallama sai ta dire shi kamar tukunya mai zafi, ta haɗe fuska, ta ce, “Kai, tafi can.” Son da take masa har ciwo yake mata a ƙirji, kuma duk lungun sun sani, ba sai an faɗa ba.

Wadda ba ta sani ba ita ce Madam Odil, matar injiniyan da Baƙo ke yi wa aiki. Mace ce mai kusan shekara arba'in, siririya, ba ta taɓa haihuwa ba. Kada a ce muguwa ce, ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya fi baƙin ciki. Ƙuda ya sa wa Isufu ciwon ido a watan Yuli, Baƙo ya faɗa mata, ta zo da kanta har lungu da ɗan kwalbar magani. Daga nan ƙafarta ta saba. Kullum da la'asar sai ta zo ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta sumbace shi a kumatu, tana “Jozef, Jozef”, wato Isufu a bakinsu. Larai ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta koma gefe ta juya fuska wajen katanga kamar yadda ya dace. Madam tana kallo. Ta ga uwar da ba ta kiran ɗanta, ba ta yi masa murmushi, in ya rarrafo jikinta ta ture shi. Ta koma gida da abin a ranta.

Wata la'asar, Kubura na nan tana tsintar shinkafa, Baƙo ya rako Madam. Ta yi masa magana da Faransanci, ya juyo yana murmushi.

“Larai, wai tana tambaya ko kina son yaron nan.”

Haba! Wace irin tambaya ce wannan, a gaban miji, a gaban maƙwabciya? Larai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi 'yar dariya.

“Ni? Me zan yi da shi? Ɓarna kawai ya iya. In tana so ta ɗauka.”

Kubura ta tuntsire da dariya, don ita ma abin da za ta faɗa ke nan. Duk uwar da ta san kanta haka za ta ce. Baƙo kuwa ya juya ya mayar wa Madam da maganar kalma bayan kalma, bai ƙara ba, bai rage ba. Shi da aka haifa a ƙauye ɗaya da Larai, shi da uwarsa ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba har ta mutu. Ya san abin da bakin matarsa ya faɗa, ya san abin da take nufi, ya zaɓi na baki ya kai. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ƙara ƙanƙame yaron, idonta ya kawo ruwa.

Bayan mako biyu, suna cin abincin rana, Baƙo ya ce aikin Mushe, mijin Madam, ya ƙare, za su koma ƙasarsu a ƙarshen Agusta. Sannan ya ce za su tafi da yaron. Ya ce shi da Mushe sun riga sun je buro, wato ofishin hukuma, ya dangwala yatsa a takarda.

“Riƙo ne,” in ji shi. “Ke ma ba gwaggonki ce ta riƙe ki ba?”

Gaskiya ne, gwaggonta ce ta riƙe ta. Amma garin gwaggo tafiyar wuni guda ce a kan jaki, kuma kowace kaka ana kawo ta gida ta ga uwarta. Larai ta mayar da lomarta cikin kwano.

“Maigida, ko yaye bai daɗe da yi ba.”

“Ke da bakinki kika ce ta ɗauka. A gaban Kubura.”

“Ai ka san magana ce kawai.”

“Abin da na sani can akwai lekkol, makarantar boko, da likita. In sun tafi ni ma ban san inda zan samu aiki ba. So kike ya tashi yana wanke tukunyar wani kamar ubansa?”

Bai iya kallon ta ba sa'ad da yake faɗa. Isufu yana tsakaninsu, ya tsoma hannu cikin miya har wuyan hannu yana lasa.

Da Baƙo ya fita Larai ta leƙa ta katanga. “Yaya Kubura, kin ji abin da ake shiryawa?” Kubura ta ce ta ji, kuma arziki ne ya zo har gida. “Ɗan fari ai ba na uwa ba ne, Larai. Nawa yana can Damagaram wajen kakarsa, shekara shida ban sa shi a ido ba. Ki yi haƙuri, kada ki ba da kanki.” Kubura don Allah take faɗa, da zuciya ɗaya. Larai ta sauko daga kan turmin da ta taka, ta ga ba ta da kowa a garin nan da za ta iya gaya wa.

Ta yi kwana tara tana juya abin. Tana wanke masa riga tana juya shi, tana daka tana juya shi. A rana ta goma ta ga Baƙo ya wuce kasuwa da kwando, sai ta goya yaron, ta fita cikin tsakar rana ba ko takalmi, ta nufi unguwar Turawa. Ba ta taɓa shiga gidan ba. Ta tarar da Madam a zaure tsakanin akwatuna, tana naɗe kwanonin tangaran da jarida. Larai ta sauke yaron, ta durƙusa, ta riƙe shi gam a ƙirjinta. Ba ta san kalmar Faransanci ko ɗaya ba, saboda haka ta faɗa da Hausa.

“Madam, ƙarya na yi. Ina son sa. Isufu ɗana ne, ina son sa, ban da kowa sai shi. Don Allah kada ki tafi da Isufu.”

Sau biyu ta kira sunan, har yaron ya ɗago yana kallon bakinta. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Madam ta saki abin da ke hannunta. Cikin duk maganar, sunan kaɗai ta gane.

Sai ga Baƙo a bakin ƙofa da kwandon tumatir. Ya ji komai. Ya tsaya kamar an dasa shi, kunya ta kama shi kamar matarsa ta tuɓe a kasuwa.

“Larai! A gidan mutane?”

Madam ta juya ta tambaye shi me aka ce. Larai ta ɗago ta zuba masa ido. Ya dubi matarsa, ya dubi akwatunan, ya faɗi wasu 'yan kalmomi da Faransanci, gajeru, ba su kai rabin abin da ta faɗa ba. Madam ta durƙusa ta rungume Larai tana kuka, tana “marsi, marsi”, godiyarsu ta Faransawa. Ta tashi ta buɗe akwati ta ciro wani kallabi mai furanni ta ɗora mata a kafaɗa. Har Larai ta koma ga Ubangijinta ba ta san abin da Baƙo ya faɗa ba. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Ran tafiya da hantsi mota ta tsaya a bakin lungu. Larai ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta ƙulle masa dabino a tsumma. Isufu da ya ga mota sai murna, yana ta zillo yana so a sa shi a ciki. Matan lungu duk sun fito. Kubura ce ta karɓe shi ta miƙa wa Madam. Larai ta tsaya daga cikin ƙofa, fuskarta a bushe, don kukanta ta riga ta yi shi a inda bai yi amfani ba. Mota ta tashi. Ita kuwa ta juya ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar tsakar gida.

“Kai, Larai akwai alkunya,” in ji wata daga cikin matan. “Ko ƙifta ido ba ta yi ba.”

“'Yar gidan mutunci ke nan,” in ji Kubura.

Takarda ta zo sau biyu, da hoto guda: yaro cikin babbar riga mai kauri, an tsefe masa kai, yana tsaye kusa da wani kare. Daga nan shiru. Baƙo ya samu aikin dafa wa direbobin kamiyo abinci, ya tsufa da wuri, ya zama mutum marar magana. Larai ta kafa kaskon ƙosai a bakin lungu, ta yi shekara da shekaru a kansa. Ta haifi 'yan mata uku, ta kira kowace da sunanta har ta gaji. Ba ta fasa zuwa majami'a ba, ba ta fasa dafa wa Baƙo tuwo ba, amma ba ta ƙara cin abinci a kusa da shi ba.

Wata rana, ƙaramar na goye, ta kai ta awo asibiti. Malamar da ke rubutu ta tambayi kowace mace a layi yawan 'ya'yanta. Da aka zo kan Larai, ta ce, “Uku.” Matan lungu da ke bayanta suka gyaɗa kai, suka dubi juna da murmushi. Daidai ta faɗa, in ji su. Mace mai kunya ba ta ƙirga ɗan fari.