Mushe Isufu da Masu Gona

Ina tsaye gaban allo wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yar Mushe Isufu (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci), malamin da ya koya mana tarihi a lise, wato babbar sakandare, nan Tahoua. Ta ce, "Yaya Sani, Baba ya tahi." Na ajiye alli na zauna. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Duk wanda ya bi ta hannunsa yana tuna darasi guda: karon da sojojin Faransa suka yi da na Ostiriya bayan Faransawa sun kifar da sarautarsu. Sauran malamai karanto shi suke yi mu kwafe don jarrabawa. Shi kuwa sai ya fitar da mu tsakar makaranta ya raba mu uku. Faransawa a yamma, 'yan Ostiriya a gabas, kashi na uku kuma su zauna a ƙasa a tsakiya. Su ne manoman da aka yi yaƙin cikin gonakinsu.

Kowa Faransa yake so, don ita ta yi nasara. Ni a tsakiya aka zaunar da ni, ina ta cika ina batsewa. Ya busa usur, rundunonin suka ruga da gudu, suka tattake mu, aka yage mini riga. Da na kai ƙara, ko dariya bai yi ba. Ya ce, "Littahi ya hwaɗi wanda ya ci yaƙi. To, wa ad da gonar? Ina ya kwana? Mi ɗiyanai suka ci bana?" Gani muke yi tsohon ya cika neman magana a kan mutanen da suka mutu tuntuni a ƙasar da ba za mu taɓa gani ba.

Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, arewa da Affala, ya kama gonar mahaifinsa. Duk kaka sai ya aiko mini da hatsi, da saƙon kada in yarda in bar masu gona a baya idan na zo koyar da darasin. Ana nan 'yan bindiga suka fara shiga yankin, sojoji na bin sawunsu. Aka wayi gari ƙauyen ya watse. Ya baro hatsinsa a tsaye ya dawo Tahoua, ya raɓe a ɗaki guda gidan surukinsa.

Abu ɗaya ya roƙa har ya bar duniya: a mayar da shi gida. Da ruwan farko ya sauka bana na je gaishe shi, na tarar ya fito da irin shukarsa yana tsincewa a faifai. Ya ce, "Sani, in ban samu shibka ba, ku kai ni in kwanta kusa ga tsohona." Na ce in Allah ya yarda. Mu duka biyu mun san babu direban da zai bi wannan hanya.

A Tahoua muka binne shi. Irin yana nan cikin ƙwarya a ɗakinsa, iyali sun kasa taɓawa.

Mako mai zuwa manhaja za ta kawo ni kan wannan darasi, kuma gaskiya zuciyata ta mutu. Da yawan ɗalibaina daga irin waɗannan ƙauyuka suka gudo. Ban san da wane ido zan dube su in ce su zauna a tsakiya ba.

Ya Allah Ka jiƙan Mushe Isufu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarin da bai zaɓa ba. Ka ba Hadiza da mahaifiyarta da ƙannenta haƙurin wannan rashi. Ka nuna musu ranar da za su kai irin nan gona. Amin.