Shammam ɗin Anargul

A ƙauyenmu na bakin kogin Amu, in aka ce shammam sai a ce Otanazar. Ƙarya ce tsagwaronta, kowa kuma ya sani. Otanazar bai taɓa sunkuyawa a lambun bayan gidansa ba, sai dai in wani abu ne ya faɗo daga aljihunsa. Matarsa Anargul ce mai lambun.

Da irin ta shigo gidan tana amarya, ƙulle a bakin ɗankwali, wanda uwarta ta cuɗa da toka ta shanya a bango. A lokacin gishiri ya yi wa ƙasar bayan gidan fari fat, ko ƙaya ba ta son fitowa. Anargul ta yi ta koro ruwa daga magudana tana wanke ta, shekara da shekaru, har ta karɓi shuka. Bakin magudanar ta bar wa kokwamba, mai kukan ƙishirwa kullum. Can nesa ta ba shammam, ɗan'uwan kankana mai ƙamshi, wanda sai an hana shi ruwa dab da nuna yake yin zaƙi. Da goyo ta yi noma, da tsohon ciki ta tsuguna tana rage 'ya'yan da suka yi wa yaɗo yawa.

Aikin Otanazar kuwa wuƙa ce. Yakan harɗe a kan dandamali ƙarƙashin inabi, butar shayi a gefe, baƙi kewaye da shi. Sai ya ɗaga shammam ya shinshina, ya tsaga, ya miƙa wa kowa yana bayanin yadda ya sha fama da tsutsa bana. Abin da ke komawa cikin gida ɓawo ne, shi ma na tumaki. Rabon Anargul shi ne wanda ya fashe a lambu ko ɓera ya taɓa, a tsaye take cinye shi ta koma aiki. Mutumin nan ba ya duka, ba ya zagi, shi ya sa mutane ke cewa ta yi dacen miji.

Da kaka takan saƙa raga da ciyawar bakin kogi, ta saka manyan a ciki ɗaya-ɗaya, ta rataye su a azarar ɗakin ajiya. A nan suke ƙara zaƙi har tsakiyar hunturu. Ita ke hawa tsani, mabuɗi kuma na wurin Otanazar, domin a wajenmu ba abin da ke ɗaga sunan magidanci kamar ya fito da shammam ƙasa na lulluɓe da ƙanƙara.

Shekarar da ta aurar da autanta wani abu ya tsaya mata a maƙogwaro. Gurasa ta daina wucewa, daga baya shinkafa ma ta ƙi. Likita a birni ya duba ta, ya yi mata magana mai daɗi, ya ce a mayar da ita gida. Duk da haka da hannunta ta rataye na wannan kakar, tana hawa tana hutawa.

Da sanyi ya kankama ta koma kamar kara, shayi kawai ke shiga. Abu ɗaya ranta ke so a duniya, yankan shammam mai sanyi da zai narke ya wuce ba sai ta haɗiya da ƙarfi ba. Ta aiki Sanobar, matar autan nata, ta roƙo mata a wurin maigidan. Otanazar ya ce bai gama yin zaƙi ba. Aka sake komawa, sai ya aiko da kokwambar da aka jiƙa a ruwan gishiri, wai ai duk lambu ɗaya ne. Anargul ta lasa, tari ya sarƙe ta har hawaye. Sanobar ta fita waje ta yi kuka, amma sabuwar amarya ba ta ja da suruki.

Wata safiya ƙamshin ya biyo iska har shimfiɗarta, ta gane an buɗe ɗakin ajiyar. Ta miƙe tana dafa bango ta isa bakin ƙofa. Ga su nan reras a sama, rawaya shar, Otanazar na bi yana latsa gindin kowanne.

"Baban yara, a yanka mini ɗaya."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta yi haƙuri, ta kuma yi tunani irin na manya. Ai ita ma ta gane abin da likita ya ƙi faɗa. In abin ya faru, mutane za su zo gaisuwa daga ƙauyukan ƙetare, har da waɗanda suka sha jin labarin shammam ɗinsa ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Da me zai tare su, da busasshiyar gurasa?

Baƙin ciki ya cika Anargul, amma ba ta da ƙarfin da za ta ɓata a kan fushi. Ta ɗaga ido tana bin ragar da ta saƙa, har ta tsaya a kan na kusurwa, wanda gindinsa ya fara duhu.

"To ba ni wancan. Ya fara laushi, ba zai wuce mako ba. Asara za ka yi."

Otanazar ya je ya latsa shi a hankali, ya shinshina. Sannan ya juyo ya dube ta tun daga ƙafa har wuya, irin duban da yake yi wa tunkiya a kasuwa.

"Zai kai," in ji shi.

Ya kama hannunta ya fitar da ita, ya ja ƙofar ya kulle.