Wasiƙar Famfo da Ta Ƙi Miƙewa

Wata Laraba ce ana tsakiyar noman farko, shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, Baba ya goya ni a keke zuwa Zakirai. Famfon ƙauyenmu ya yi wata biyu a lalace, kullum da sassafe sai ni da ƙannena mun ratsa gonakin gero zuwa rijiyar maƙwabta kafin mu tafi makaranta. Dattawa suka rubuta wa ƙaramar hukuma wasiƙa, aka ce sai an buga ta a kwamfuta. Nan Baba ya ce musu, "Ai Hadizata tana koyon kwamfuta."

Muna koyo kam, amma a jikin allo. Da alli malaminmu yake zana mana akwatuna huɗu, yana cewa, "Wannan hagu, wannan tsakiya, wannan dama, wannan kuma shi ke daidaita gefe biyu." Mun haddace har muna rerawa a wajen carafke. Kwamfuta ta gasken kuwa ban taɓa sa mata hannu ba, kuma na kasa faɗa wa Baba.

A Zakirai muka shiga wani shagon buga takardu. Mai shagon ya tayar mana da janareto, ya buɗe mini farin shafi, ya fita jana'izar wani maƙwabcinsa. Da yatsa ɗaya na riƙa farautar haruffa har na gama. Saura adireshinmu ya koma dama. Na duba sama ina neman akwatunan malam, sai na ga 'yan zane-zane birjik, duk ƙanana, duk kama ɗaya. Na koma tura kalmomi da dogon maɓallin nan mai ba da tazara. In na gyara layi ɗaya, na ƙasa ya zame. Can na danna wani abu, rabin wasiƙar ya tattaru a tsakiya, sauran ya buɗe da manyan giɓi.

Baba bai yi boko ba, amma manomi ne, ya san miƙaƙƙiyar kunya. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Hadiza, kamar layin nan ya karkace."

"Zan gyara, Baba."

Ina ta dannawa, abin yana ƙara watsewa, har mai ya ƙare a janareto, fuskar kwamfutar ta yi baƙi da duk abin da na buga.

Muka komo gida. Da dattawa suka tambaya a ƙofar masallaci, Baba ya ce, "Injin ne ya mutu mana." Sai bayan sati biyu wani ya buga wasiƙar ya kai, famfo kuwa sai da aka yi girbi aka gyara shi.

Yanzu buga takardu ne aikina a Kano, dannawa ɗaya shafi ya miƙe tsaf. Baba ya rasu ban tambaye shi ko ya gane ba. Ina jin ya gane tun a shagon.