Fire-amfili Biyu da Kunnen Maigidana

Maigidana Alhaji dillalin shanu ne a Farsha, nan Injamena, muna zaune a unguwar Ridina tun farkon shekarun casa'in. Dillanci kuwa aikin kunne ne. Bafulatani zai kawo sa, ka ja shi gefe ya raɗa maka abin da zai sallama, ka ja mahauci gefe ya raɗa maka abin da zai iya. Kai kaɗai ka san bakin kowa, a nan abincinka yake. Ranar da aka ce sai an ɗaga murya kafin ka ji, to ka tashi daga dillali, don babu mai son kasuwa ta ji sirrinsa. Fulanin da ke sauka wurin Alhaji, tun iyayensu suke sauka wurin mahaifinsa. Su ne cinmu, su ne suturarmu.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi kunnensa yana masa ƙara. Ni na fara lura. In kira shi daga madafa, shiru. A yi sallama a ƙofar gida, sai na taɓa shi. Idan ana magana ya kafa wa bakin mutum ido, ya tsinci abin da ya tsinta, sauran ya cike da "haka ne, haka ne". Na ce Alhaji, ka je likita ya duba ka, ko Maiduguri ce ka tafi, tun kafin 'yan Farsha su farga. Ya ce kunnensa ƙalau, ni ce nake magana ciki-ciki. Ni! Ni da maƙwabta ke cewa idan na kira yara har bakin titi ana ji.

Dama yana da kayan kiɗansa a ɗakin baƙi, amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan lasifika biyu, da wani kaset na sarewar Fulani da yake so kamar me. Sai ya fara ƙorafi wai sarewar ta dushe. Wai a da har numfashin mai busar yana ji, yanzu kamar an rufe ta da bargo. Wa za a ɗora wa laifi? Na'ura mana. Aka bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wani mutum a kasuwar Dembe da ke sayen tarkacen Nasara idan za su koma ƙasarsu, ya goge da tsumma ya sayar wa masu neman suna. Bakinsa kamar an shafa zuma. Shi ya ce wa Alhaji amfilinsa ba shi da aibu, abin da ya rasa shi ne fire-amfili. Wani ƙaramin akwati ne da ake sa wa a gaban babban, wai shi yake gyara sauti ya tace shi kafin babban ya ƙara masa ƙarfi. Alhaji ya kawo ɗaya. Ba a jima ba ya mayar ya karɓo wani. Sarewa dai ba ta dawo ba, ina za ta dawo?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 'yan zaman ɗakin. Su biyu ne, kowace Juma'a bayan la'asar suna nan kamar an aiko su. Ɗaya mahauci ne mai tumbi, wanda ko rediyo mai kyau ba shi da ita a gidansa. Ɗayan dillali ne ɗan'uwan sana'ar Alhaji, siriri, mai ƙananan idanu, wanda tun ranar da na fara ganinsa hankalina bai kwanta da shi ba. 'Yan a bi yarima a sha kiɗa, ga kiɗan ga kuma naman da nake gasawa. Su zauna su runtse ido suna zuba shirme. Wai wannan sautinsa yana da faɗi, wancan yana da zurfi, wannan kuma yana da ɗumi. Ɗumi! Sai ka ce kunu. Duk abin da Alhaji ya faɗa, mahaucin ya ce "sahi, sahi", wato gaskiya ne, bakinsa cike da hanta. Ina bayan labule ina jinsu, tsaki kawai nake ja.

Na sake yi wa Alhaji maganar likita, har da kuka, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ya ce in bari ya gama da wannan sha'anin tukuna, mutumin Dembe ya samo guda biyu waɗanda babu irinsu a duk Injamena, ɗaya zai zaɓa shi ke nan.

Ranar Juma'a sai ga mutumin Dembe da su a bayan babur, an naɗe da tsohon bargo. Ɗaya baƙi ne shimfiɗaɗɗe, ƙirar Japan. Ɗayan tsoho ne mai nauyi, da wasu 'yan kwalabe a kansa da ke yin ja idan an kunna, suna ce masa mai fitila. Mutumin ya ce wani likitan Nasara ne ya bari, har hawaye ya yi da zai rabu da shi. Na ce a raina, da yana sonsa haka ai da ya tafi da abinsa.

Sai mutumin Dembe ya kawo wata sabuwar bidi'a. Wai masana a ƙasar Nasara ba sa zaɓe da ido, don ido yana yaudarar kunne. Mai zaɓe zai juya wa kayan baya, ya rufe ido, a sa masa na farko, a sa masa na biyu, kuma ba da ƙarfi ba, don a hankali ake gane na ƙwarai. Mutumin da da ido yake ji, an ce ya rufe ido! Na leƙo ta gefen labule ina girgiza wa Alhaji kai, ya ɗauke fuska. Girman kai ba zai bar shi ya ce a'a a gaban abokai ba. Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Aka fara da baƙin. Sarewa ta tashi siririya. Alhaji ya ɗan karkata kai, can ya ce ba laifi, amma da saura. Mahaucin ya ce sahi, da saura.

Mutumin Dembe ya zare wayoyi ya mayar kan mai fitila, ya dafa kafaɗar Alhaji alamar ga na biyu, ya danna kaset. Kwalaben suka yi ja. Ko ƙis. Kaset yana juyawa, lasifika shiru. Ya girgiza waya, ya bubbuga akwatin, ya hura bakin wayar ya sake sawa, gumi yana tsiyaya daga haɓarsa. Tsohon tarkace ya mutu a hanya.

Alhaji kuwa ya fara kaɗa kai.

A hankali yake kaɗawa, yatsansa yana buga gwiwa, fuskarsa ta saki. Ya ce, da ƙarfi yadda ya saba magana a lokacin, "Yauwa! Kun ji? Wannan ita ce sarewa. Babu hayaniya ko kaɗan."

Mahaucin, Allah wadaran tumbinsa, ya ce, "Sahi, Alhaji."

Dillalin kuwa ya ɗago kai. Ya kalli lasifika, ya kalli ƙeyar Alhaji, na ga idanun nan nasa sun yi haske. Ya matso bayansa daf, ya yi magana da irin muryar da ake ciniki da ita a Farsha.

"Alhaji, kana jina?"

Alhaji yana kaɗa kai.

"Alhaji, ka bar min Fulaninka? Su dawo wurina?"

Alhaji yana kaɗa kai, har da murmushi.

Mahaucin ya toshe baki da hannu, tumbinsa yana rawa. Ban san lokacin da na yaye labulen ba. Ban taɓa shiga ɗakin nan da baƙi a ciki ba sai ranar. Na sunkuya na ɗauke tiren naman daga gabansu, na ce ku tashi ku fita min daga gida, marasa kunya, maciya amana! Na ce wa na Dembe ya kwashe gawarsa ya bi su. Suka fita suna neman takalma. Dillalin ko a jikinsa, har da yi min sai an jima, sauri yake yi, ya samu abin kai wa kasuwa.

Motsin ne ya sa Alhaji ya buɗe ido ya juyo. Ya ga ɗaki babu kowa sai ni riƙe da tire. Ya kalli wayoyin da ke yashe a ƙasa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa, rabon da in ji ta haka har na manta.

"Tun yaushe ya tsaya?"

Na ajiye tiren, na durƙusa, na kai bakina saitin kunnensa.

"Bai ma fara ba, Alhaji."