Ranar da Kawu Barmo Ya Shiga Gudun Taimakon Kansa

Duk wanda ya san Kawu Barmo, wan mahaifiyata, ya san ba ya hawa mota. Daga Sabon Birni zuwa Isa a ƙafa yake zuwa, sanda a gicciye kan kafaɗa, takalmin taya a ƙafa. In direba ya tsaya zai rage masa hanya, sai ya leƙa cikin motar, ya ƙare wa fasinjoji kallo, ya tambaye su ko asibiti za a kai su. In suka ce lafiyarsu lau, sai ya yi wa ƙafafunsu jaje ya wuce. Ku da kuka zauna da shi kun san ban ƙara gishiri ba.

A shekarun farin nan da gero ke tsayawa iya gwiwa ya bushe, ina Kaduna ina aikin masaƙa. Damina ta uku ke nan rumbunsa bai ga dami ba, kuma labari ya iske ni cewa shi da matarsa, Inna Kulu, sun koma kan kwaɗon tafasa safe da yamma. Na aika su zo su zauna wurina. Ya aiko mini cewa Bagobiri ba ya gudun yunwa. Inna Kulu, wadda ta yi shekara arba'in tana fama da shi, ta biyo da nata saƙon a ɓoye: in sake aikowa, amma in ce buɗe ido za su zo. Na sake. Nan take ya amince, wai don tausayinta, tunda baiwar Allah ba ta taɓa wuce Shinkafi ba.

Ita ta hau mota zuwa Ƙaura, shi ya riga ta fita da kwana uku a ƙasa. A tashar jirgi ya ba kansa fatawa cewa jirgin ƙasa ba mota ba ne, ɗaki ne da ake ja. Duk da haka bai zauna ba har Kaduna. Daga wannan tarago zuwa wancan ya yi ta kai da kawowa yana taka ƙafafun mutane, don kada wani ya ce ba da ƙafarsa ya zo ba.

To, buɗe ido aka ce, sai na ɗauki hutu na zagaya da su. A gidan ajiye kayan tarihi ya ga galma cikin gilashi, irin tasa sak, har da rubutu a ƙasa. Ma'aikacin ya yi masa bayani cewa da ita mutanen dā suke noma. Kawu ya gyaɗa kai, ya tambaya ko akwai gilashin da babu komai a ciki, don ga mutumin dā ya kawo kansa. Unguwar manya kuwa ita ta fi ɓata masa rai. Ya tsaya a ƙofar wani gida yana kallon mai gadi na ba ciyawa ruwa da tiyo. Ya tambaya ina awakin da za su ci, aka ce babu, in ta yi tsawo yankewa ake yi a zubar. Daga nan muka wuce bakin kogi. Can ya zauna ya zuba wa ruwa ido har la'asar, Inna Kulu na gefensa, ni ma ban ce musu mu tashi ba.

A makon ne rediyo ya dame mu da sanarwar wani gudun yada ƙanin wani da za a yi don taimakon waɗanda fari ya shafa. Na yi wa Kawu bayani. Ya ce wato waɗanda suka ci suka ƙoshi ne za su fito su gaji a madadin waɗanda ba su ci ba, lallai birni ya ci gaba. Yana cikin dariyarsa na ƙara da cewa wani kamfani ya yi alkawarin buhun hatsi a kan duk mutum ɗaya da ya kai ƙarshe. Dariyar ta tsaya. Ya tambayi nisan, na faɗa masa, ya ce ai bai wuce Sabon Birni zuwa Isa ba.

"Za ni shiga," in ji shi.

Inna Kulu ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. "Buhu biyu ke nan, Malam," ta ce.

Mai rubuta sunaye wani Bayarabe ne mai tumbi. Ya dubi furfurar Kawu ya ce sam, tsoho zai faɗi a hanya ya ja musu magana. Sai idonsa ya kai kan zanen Gobirawa da ke kumatunsa. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Kafin ya buɗe baki Kawu ya riga shi, ya tambaye shi tun yaushe bawa ya fara hana ubangidansa shiga fili. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya ba bayinsa biyu izini, ya miƙo lambobi da 'yar shara da gajeren wando. Kawu ya ɗaga wandon da yatsu biyu, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana jinyar kaciya. Lambar ya maƙala a hula, Inna ta ɗaura tata a gyale.

Da aka busa usur da safe, jama'a suka zuba a guje. Kawu ya tsaya sai da fili ya sarara, ya yi bisimilla, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya kama tafiyarsa ta zuwa kasuwa. Ina biye da su a keke, na roƙe shi ya ɗan sassarfa ko don idon mutane. Ya ce shi bai saci kayan kowa ba.

Rigima ta tashi a teburin ruwa na farko. Ya ga 'yan gudu na kurɓa ɗaya su sheƙa sauran a ka, su jefar da kofin. Ya tsaya ya yi wa 'yan matan da ke miƙa ruwan wa'azi mai tsawo, cewa a garinsu mata na kwana biyu suna bin rijiya kan abin da mutum ɗaya ya wanke ƙeyarsa da shi yanzu, kuma wai duk don a taimake su. Inna Kulu kuwa tsintar kofunan roba kawai take yi tana ƙullewa a bakin zane. Shekara da shekaru da su ake shan koko a gidan.

Da rana ta take, muka fara iske samari zube a bakin titi, masu takalman gudu farare tas, suna riƙe da cinya suna haki. Kowanne Kawu sai ya rage tafiya ya ce masa, "Sannu da taimako, yaro. Mun gode." Motar asibitin da ke kwashe na baya ta matso kusa, direban ya ce su shigo. Kawu ya leƙa, ya ga mutane kwance, ya ce yau dai ya ga motar da ta faɗi gaskiya. Ya yi azahar a gindin wata darbejiya, ya ci goro, suka ci gaba.

Sai bayan la'asar muka isa. Manyan baƙi sun tafi, ana naɗe rumfuna. Inna Kulu ta riga shi taka layin da taku goma, kuma har ya bar duniya yana cewa ai ita ba ta ɗauko sanda ba. Bayaraben nan na tattara takardu ya hango su, ya saki baki, ya zauna ya rubuta su. Kawu ya ce to a fito da buhunan. Mutumin ya ce ba a nan ake bayarwa ba, arewa za a aika wa masu fari.

"Ai ni na arewar," in ji Kawu. "Ga ni tsaye gabanka. Ka hutar da mota."

Bai samu ba. Takardar yabo aka ba shi mai hatimi. Ya juya ta gaba da baya, ya tambaya dafa ta ake yi ko jiƙawa.

Ranar da muka ji an yi ruwan shuka a gida, ko kwana ba su ƙara ba. Taimakon kuwa ya iso Sabon Birni daidai lokacin da aka gama buƙatarsa, bayan an yanke gero, jar masara mai warin sito. Kawu ya je wurin rabo ya sanar cewa biyu daga cikin buhunan nasa ne da na iyalinsa. Aka yi dariya, aka auna masa tiya irin ta kowa. Bai fasa ba: duk wanda ya yi masa gardama a majalisa, sai ya tuna masa cewa ya ci tuwon ƙafarsa.

Sai bayan rasuwarsa Inna Kulu ta gaya mini abin da ban gani ba daga kan keke. Tun a rabin hanya dugadugansa suka tsage, jini ya jiƙa takalmin. Ta ce su tsaya haka nan. Ya ce mata akwai wani gida, bai san na wa ba, da ke jiran buhun nan, kuma kada ta kuskura ta faɗa mini. Ita ma yanzu ta bi shi.

Allah ya jiƙan Kawu Barmo da Inna Kulu, ya yafe musu kurakuransu, ya shayar da su daga tafkin Alkausara. Mu kuma ya kyautata namu zuwan.