Gogen Kawu Ilu Mai Shan Rana

Duk wanda ya san Kawu Ilu a ƙauyenmu na bayan Ɗanbatta ya san ba ya karyawa sai ya fitar da zanen nan rana. Wai fatar goge in ta sha raɓa sai ta saki, dole a shanya ta. Fatar fenti fa, jama'a!

Ni na jawo. Ina shekarar ƙarshe a sashen zane na wata kwaleji a Kano, na zana goge irin zanen zamani, gutsure-gutsure, ƙwarya nan, tsirkiya can, na bar wani farin gurbi mai kusurwa uku a tsakiya don ado kawai. Da na zo da shi hutu, Inna ta ce taswirar gonakin gado ce. Kawu kuwa, wanda ya tuba da kiɗan goge tun ba a haife ni ba, ya daɗe yana kallo.

"Hauwa, wa ya gaya miki gida bakwai gogena ya fashe?"

Wallahi ban taɓa ƙirgawa ba. Na ƙirga gutsattsarin: shida, da gurbin na bakwai.

Daga ranar ya ƙwace zanen. Na yi kuka, na ce makin jarrabawata ne, ya ce kayansa ne. Dole na lallaɓo malaminmu har gida. Malam ya gyara tsayuwa yana bayani, wai zanen na nuna yadda zamani ya wargaza al'ada.

Kawu ya ce, "Wane zamani, Malam? A kan turmi na buga gogen ya fashe."

A nan tsakar gida Malam ya ba ni maki, ko fura bai tsaya sha ba.

In iska ta kaɗa kuma, sai Kawu ya sa mu yi shiru, ya karkata kunne, ya ce tsirkiya ta saki. Muna dariya, amma ba mai yarda ya shimfiɗa tabarma a gindin bangon da zanen yake rataye.

Bara da damina ya rasu. Muna rabon tufafinsa, Inna ta ji abu a aljihun rigarsa: 'yar sakainar ƙwaryar gogensa ce, ta yi sulɓi don shafawa. Na ɗora ta a kan gurbin. Ta zauna daram kamar an auna.

Yanzu ni ke fitar da zanen kowace safiya, ku yi ta dariyarku. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓi tubarsa, abin da ya bari dominSa Ya musanya masa da mafi daɗi.