Tambayar Kawu

Jiya na ga mata suna kai tuwo makarantar firamare a Batsari, inda mutanen ƙauye suka fake bayan ɓarayin daji sun kore su. Ƙanshin miyar kuka ya buge ni, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Malamin jami'a ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙasar Sin, yana binciken abin da ke sa mutum ya yi wa jama'a aiki ba don a biya shi ba. Ya dawo da shayinsu mai ɗaci da tambaya guda: "Wa ya sa ka?"

Wata damina, kafin gonaki su gagari shiga, ya ja ni gayya a Runka. Wata tsohuwa ta sauke wa manoma ƙwaryar fura a bakin gona, tana haki.

Ya rusuna ya ce, "Inna, wa ya sa ki?"

Ta harare shi. "Ɗan nan, sai an sa ni?"

Ya yi dariya har da hawaye. "Amsar da na je Sin nema ke nan."

Yanzu babu gayya, gonar ta koma daji. Jiya na so in tambayi matan nan wa ya sa su, sai na tuna amsar tsohuwar.

Kawu, har yanzu ba wanda ya sa su. Allah Ya sanyaya makwancinka.